Margar Da Ta Tare A Gidan Surukai

Mai Agogo ya ƙare ƙuruciyarsa a wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, gilashi manne a ido ɗaya, yana tonon cikin agogunan mutane. Da waya ta shiga hannun kowa sai ƙafa ta ɗauke. Ya rufe shagon, ya kwaso kayan aikinsa a akwatin katako ya dawo gida. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, har hamdala ta yi, ta ce bawan Allah zai huta, ita ma ta samu abokin hira. Da ta san abin da ke tafe, da ta roƙa masa wani shagon.

Wata rana ya dawo daga masallaci da wani dogon kwanso baƙi kamar sanda, ya ce na bishiyar marga ne, a bakin hanya ya tsinta. 'Ya'yan marga taurin kai gare su, in aka binne su haka nan sai su yi ta kwanciya a ƙasa ba su ce uffan ba. Shi kuwa sai ya maƙala gilashinsa, ya ɗauko ɗan zarton agogo, ya riƙa goga gefen kowane ƙwaya har farin ciki ya leƙo, sannan ya jiƙa su a ruwan ɗumi su kwana. A kofin shayin Inna ya jiƙa su. Daga nan rigima ta fara.

Da suka tsiro sai neman mazubi. Gwangwanin madara ya ƙare, ya koma kan tsohon bokiti, daga bokiti sai robar wanki. Duk abin da ke da gindi a gidan, in Inna ta kau da kai, sai ta same shi da huji uku da ƙasa a ciki.

"Malam, wannan robar fa jiya na yi wanki da ita."

"Ai ta tsufa. Kuma tukunyar da ba ta yoyo kabarin shuka ce."

"To ni a tafin hannu zan yi wankin?"

Bai ji ba, ya riga ya duƙa. Yatsa yake cusawa a ƙasar har gaɓa ta biyu, in ya ji danshi ko ɗigo ba zai zuba ba. Da hantsi ya ja tukwanen zuwa inda rana ta fi zafi, wato daidai inda Inna ke shanya. Koriyar tsutsar da ke cin ganye da hantsakin agogo yake tsince ta ɗaya bayan ɗaya. In saiwa ta leƙo ta huji, ya ce takalmi ya matse, a sake babba. In rani ya yi bishiyar ta kakkaɓe ganye ta zama ƙirare, sai ka ga yana murmushi, wai fure take shiri. Ruwan da ke tsiyaya daga tukwanen kuwa ya mai da tsakar gidan santsi, Inna ta sha zamewa har ƙugunta ya san zancen.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya shi ne kyautarsa. Mutum ne mai hannun baiwa, duk wanda ya yaba sai ya tafi da tukunya. Amma bayan kwana biyu zai je gaisuwa, kuma ba mai gidan ya je gani ba. Tela ya ajiye tasa a ƙarƙashin matakala inda rana ba ta kaiwa, Mai Agogo ya sunkuce ta ya dawo da ita gida. Mahauci ya bar akuya ta taɓa tasa, ita ma aka ɗauko. Tela ya daina gaishe su. Inna ce ke yafa mayafi tana bin gidaje tana ba da haƙuri.

"Wai kyauta ce ko aro?" ta tambaye shi.

"Amana ce."

"To ka riƙa faɗa musu tun a bakin ƙofa, su san bashin rai suka ɗauka."

Ana haka aka aurar da Auta, ƙaramar 'yarsu, ga ɗan Alhaji Direba, kuma a gidan iyayen mijin ta tare. Alhaji Direba ya yi zamaninsa yana jan babbar mota, ya ajiye tuƙi amma bai ajiye tsafta ba, yadda yake goge motarsa a da haka yake goge barandarsa yanzu. Mai Agogo ya rasa abin da zai girmama surukinsa da shi, sai ya aika masa da margar da ya fi ji da ita, a babbar tukunyar ƙasa, wadda yake sa ran ita za ta fara yi masa fure. Inna ta so ta hana, amma ta ce a ranta ko ba komai zai ji kunyar suruki.

Kunyar kuwa ya ji, sai dai a kan Inna ta ƙare. Ya je gaisuwa ya tarar ganyen margar ya yi ruwan ɗorawa, ya langaɓe, kuma ba lokacin kaɗe ganye ba ne. Kunya ta sa ya baro ta a can. Ya dawo ya ture abinci, ya zauna yana lissafa mata alamomin ciwo kamar wanda ya baro majinyaci a asibiti. Da safe marga, da rana marga, ko tasbihi take sai ta ji yana cewa, "Kashe ta suke yi a hankali." Ran nan ta fito ta ga baron maƙwabci a jingine a zaure.

"Wannan fa?"

"Zan ɗan je in dawo."

Inna ta tsaya a ƙofa ta tokare. "Malam, gidan tela daban, gidan surukai daban. In ka ɗauko bishiyar nan, to ka haɗa da 'yarka a baron, don ba ta da sauran idon da za ta kalli mutanen gidan da shi. Kullum za a tuna ubanta ya ba da kyauta ya zo ya ƙwace. Ka bari ni in je in gani."

Ya yi ƙunƙuni, ya ce to. Ta san irin wannan to ɗin, amma ta tafi.

Hajiya, matar Alhaji Direba, ta shimfiɗa mata darduma a baranda, ga margar can a kusurwa kamar marainiya. Inna ba mai yawan magana ba ce, ta bar Hajiya da hira, ita tana jan carbi tana kallo. Mijin Auta ya fito zai tafi aiki, ya durƙusa ya gaishe ta, ya juye wa tukunyar buta guda. Can Hajiya ta tashi ɗauraye kofuna, ta kawo ragowar ruwan ta zuba. Auta ta fito da nata a jug.

"Ke, ba yanzu aka ba ta ba?"

"Inna, kin san halin Baba. Kada ya zo ya ce mun bar ta da ƙishi."

Sai ga Alhaji Direba da kansa, da bokiti da tsumma. Ya shayar da margar, ya bi ganyen yana gogewa kamar gilashin mota. Duk gidan tsoron Mai Agogo suke ji, kowa na yi masa kara a ɓoye, bishiya tana nutsewa. Amma abin da ya tsaya wa Inna shi ne daɓen barandar. Ruwa huɗu ya shiga tukunya a gabanta, ƙasan kuwa ƙaƙas. Ita da ƙugunta ya san yoyon tukwane. Ta saki carbinta ya faɗi, ta duƙa ɗauka, ta leƙa gefen tukunyar can ƙasa. Hujin nan uku an shafe su da siminti, sumul, har an bi da fenti.

Ba ta gama miƙewa ba ta ji ƙiiƙii a bakin ƙofa. Tayar baro ce. Ta rufe ido ta yi salati.

Tsofaffin biyu suka shiga gaisuwa, an tambayi gajiya, an tambayi iyali, an koma kan gajiya. Mai Agogo bakinsa na amsawa, idonsa na kusurwa. Auta ta ga baron, ta ga ubanta, fuskarta ta canza, ta ja da baya ta laɓe jikin labule. Alhaji Direba ma ya ga baron. Ya gyara murya.

"Malam, akwai abin da na ɓoye muku, kunya ta hana ni faɗa. Tukunyar nan a fashe ta iso, wajen ɗauko ta ne ina jin. Wuri uku take zubar da ruwa. Amma kada ku damu, na liƙe ta da hannuna, yanzu ko ɗigo ba ta yi."

Inna ta ga mijinta ya buɗe baki. Ta san maganar da ke hawowa, ta kabarin shuka, kuma ta san in ta fito ba ta komawa. Shekara da shekaru ba ta taɓa shiga maganar maza ba, ranar ta shiga.

"Ai Alhaji, shi ya sa ya zo da baro. Cewa ya yi tukunya ta yi mata kaɗan, tunda ta zama 'yar gida gara a sauke ta ƙasa ta kafu. Yashi zai ɗebo muku a haɗa da ƙasar. Ko ba haka ka ce ba, Malam?"

Mai Agogo ya juyo ya dube ta. Bishiyar da ta shiga ƙasa ba ta hawa baro, shi ya sani, ita ma ta san ya sani. Ya dubi labule inda yatsun ƙafar Auta suka leƙo. Ya haɗiye abin da ya haɗiye.

"Haka ne," ya ce, da kyar. "Amma nesa da bango. Kuma inda rana take."

Da aka fasa tukunyar sai wari ya tashi, ƙasar ta zama taɓo. Mai Agogo ya durƙusa ya yanke ruɓaɓɓun saiwoyi da 'yar wuƙarsa, yana yi yana huci, Alhaji Direba na riƙe masa gangar jikin yana tambaya. Da Alhaji ya ji amfanin hujin sai ya dafe kai ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce shi duk abin da ke yoyo a rayuwarsa toshe shi aka koya masa. Aka kafa doka a gidan, ba mai ba ta ruwa sai Alhaji, shi ma sai ya cusa yatsa.

Margar ta yi jinya ta tashi. Furen bai zo a shekarar ba, sai ta gaba, ya sauko zara-zara rawaya har masu wucewa na tsayawa. Auta na nan a ɗakinta lafiya, da goyonta. Inna ta ce to, Allah ya raba ta da wahala ɗaya.

Sai dai ciwon ashe yana yaɗuwa. Yanzu kullum da hantsi Alhaji Direba na tsakar gidanta, shi da Mai Agogo kai a haɗe, ana karɓa-karɓar gilashi ana goge ƙwaya, kofunan shayinta biyu ne a jiƙe maimakon ɗaya. Rannan ta aika wa Hajiya abinci a kwanonta mai murfi, wanda take ɓoyewa a ƙarƙashin gado tun da Malam ya fara wannan sana'a. Alhaji Direba da kansa ya dawo da shi, yana riƙe da hannu biyu, yana fara'a.

"Kwano ba ya komawa haka nan, Inna. Ga ɗan tukuici, shukar hannuna ta farko."

Ɗan tsiro ne mai ganye huɗu a cikin kwanon. Ruwa na ɗiga ta ƙasa a kan takalminta.

"Huji uku," in ji Mai Agogo, yana leƙawa. "Alhaji, hannunka ya faɗa."

Inna ta karɓa, ta yi godiya, tunda suruki ne. Ta ajiye shi a rana, ta shiga ɗaki ta duba ƙarƙashin gado ta ga abin da ya rage.