Abdulfatah, Ka Tafi Ka Bar Gyara Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha tara ga watan Agustan 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Abdulfatah ɗan Malam Zunnuraini, bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da shi na 'yan kwanaki. An yi masa sutura a nan Jibiya bayan azahar, ana yayyafi. Bai kai shekara arba'in ba. Ya bar mahaifinsa, da matarsa Mufida, da yara biyu ƙanana, Salmatu da ƙanenta. Ya kuma bar mu, mu 'yan ƙungiyar masu ba da jini kyauta, riƙe da wata na'ura wadda shi kaɗai ya san halinta.

Ni ne Ya'u mai hatsi, ƙanen mahaifiyarsa, kuma ni aka ɗora wa shugabancin ƙungiyar don na fi kowa baki. Tun ranar sadakar bakwai aka ce in rubuta wani abu a kansa. Na kasa zama. In na ɗauki biro sai in miƙe, in leƙa shago, in dawo, in duba waya, in sake miƙewa. Yau dai na ɗaure kaina a kujera. Kuma da kai zan yi magana, Abdulfatah, don akwai wata magana tsakaninmu da ba mu gama ba.

Kafin ka dawo daga karatu, in mace ta zubar da jini wurin haihuwa, ko yaro ya ɗashe saboda zazzaɓin cizon sauro, babur muke hawa mu bi kasuwa da tasha muna tambayar wa ke da jini irin kaza. Kai ka ce a daina wannan wahalar. Ka yi mana shafi a intanet. Ka kama hayar wata kwamfuta da ba a kashe ta, can wata ƙasa, wadda kake kira saba. Ka zuba sunayen masu ba da jini a cikin abin da ka fassara mini da rumbun bayanai, don ka san rumbu kaɗai kawunka ke ganewa. Ma'aikacin asibiti zai shiga shafin ya rubuta irin jinin da ake nema, sai sabar ta zaɓo wanda ya dace ta tura masa tes. In zai zo ya amsa da ɗaya. In ba zai samu dama ba ya amsa da biyu, ta wuce ga na gaba. In kuwa ya yi shiru, sai ta ɗan jira shi tukuna.

Abin ya yi aiki, amma kullum da rigimarsa. Ban manta lokacin da mutanen Magama suka yi ta ƙorafi cewa shafin ya ƙi buɗe musu ba. Ni na yanke hukunci nan take, na ce ba su iya taɓa waya ba ne. Kai ko kallona ba ka yi ba. Ka ce, "Kawu, a ina suke tsaye in ya ƙi?" Ka hau babur ka tafi can, ka zauna a teburin mai shayi kana karɓar wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ashe da yawansu da layin Nijar suke hawa intanet, don rezon can, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi a wurinsu. Kai kuma ka sa wa sabar katangar tsaro mai korar duk wanda ya zo daga wata ƙasa, saboda ɓarayin intanet. Sai ga shi tana korar mutumin da gonarsa ke cikin Najeriya. Ka dawo kana dariyar kanka, ka ce kai ɗan Jibiya ne amma ka yi gini kamar wanda bai taɓa ganin boda ba. A yammacin nan ka buɗe wa Nijar ƙofa, kuma daga nan 'yan'uwanmu na tsallake suka fara ba da sunayensu.

Haka ma maganar Sadiq biyu. Dukansu Sadiq Abbas, dukansu an rubuta musu ranar haihuwa ɗaya ga Janairu, kamar rabin mutanen garin nan. Rumbun ya ɗauka mutum ɗaya ne, bayanin na biyu ya hau kan na farko ya danne shi, alhali jininsu ba iri ɗaya ba ne. Ranar da ka gano, na ga ka yi gumi a cikin inuwa. Ka ɗauko tsohon kwafin da kake ajiyewa, ka bi suna bayan suna kana gwadawa, sannan ka ba kowa lambarsa wadda ba ta haɗuwa da ta wani. Ba ka taɓa ce wa mai ƙorafi laifinsa ne ba. Sai ka fara karanta abin da sabar ta rubuta game da kuskurenta, ka je ka ga matsalar da idonka, ka gwada gyaran a kwafi, kana ka taɓa na gaske. Ni mai gaggawa ne, wannan sanyin naka ya sha ba ni haushi. Sau nawa na tsaya a kanka ina cewa ka kashe ta ka kunna mana, kai kuma kana cewa, "Kawu, in na kashe ta ciwon zai ɓuya, ba warkewa zai yi ba."

To, da yake kai mai tsanaki ne haka, shi ya sa abin da zan faɗa yanzu ya hana ni sukuni.

Bayan an kai ka, Mufida ta kashe wayarka ta sa a ƙarƙashin kaya, don ba za ta iya jin ƙararta ba. Muna cikin zaman makoki aka fara kirana daga asibiti cewa abin ya yi nauyi. A da, kafin a gama shimfiɗa wa majinyaci gado mai jini ya iso. Yanzu sai a rubuta buƙata a yi ta jira. Ga damina ta yi nisa, lokacin da yara suka fi faɗuwa. Wata yarinya da aka kawo daga Daddara tun da safe, tafin hannunta fari fat, ba ta samu jini ba sai bayan la'asar. Shi ma sai da na bar tabarmar makokinka na hau babur na shiga tasha ina kiran mutane da baki, kamar yadda muke yi a da. Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma ubanta ya dube ni ya ce, "Alhaji, ba kun ce yanzu na'ura ke yi ba?"

Shafi yana buɗewa, tes yana fita, kuɗin haya a biye, komai lafiya a ido. Na rasa inda zan dafa. Na kira Barira, abokiyar karatunka da ke aiki a Katsina, wadda ka ba makullin sabar tun tuni saboda irin wannan rana. Ta ce za ta duba, amma sai ta fara fahimtar gininka kafin ta taɓa komai. Na ce a raina, ga wata kuma irinka.

Mufida ce ta riga ta ganowa. Ta kunna wayarka don ta nemo lambar wani ɗan'uwa, sai saƙonni suka yi ta zubowa. Ta aiko a kira ni. Na tsaya daga bakin ƙofar ɗaki, ita tana ciki cikin takaba, ta miƙo wayar ta bayan labule. Ta ce, "Kawu, Manu direba ba shi aka kashe bara a kan hanya ba?" Na ce shi ne. Ta ce, "To ga shi ana kiran shi a wayar baban Salmatu." Na karanta da idona: Manu, ana buƙatar jininka a asibiti, in za ka zo ka amsa da ɗaya. Na gangara ƙasa cikin saƙonnin. Ga na Nagoggo mai faci, wanda muka binne da azumi. Ga na Shamsu, wanda ruwa ya ci. Ga naka kai kanka a cikinsu. Na zauna a kan turmi.

Barira ta warware mana sauran. Ashe lokacin da ka gina rumbun ba ka yi wurin da za a rubuta cewa mutum ya rasu ba. Ka yi wurin suna, da unguwa, da irin jini, da wanda ya yi tafiya, da mai shayarwa, amma ba ka yi wa mutuwa gurbi ba. Kuma ka ɗaure kowane suna da tarihin jinin da ya bayar da mutanen da ya kawo ƙungiya, ta yadda in an goge shi duk za su bi shi su ɓace. Da mutum na farko ya rasu, sai ka cire lambarsa ka sa taka, don kada tes ya je wa matarsa da sunan mijinta. Duk lokacin da sabar ta kira mamaci, wayarka ce ke ƙara, kai kuma ka amsa da biyu nan take, ta wuce ga mai rai. Shekaru kana yin haka ba wanda ya sani. Da ka yi shiru, sai ta riƙa tsayawa a kan kowane mamaci tana jiran amsarsa, yarinyar Daddara kuma tana kwance.

Abdulfatah, wannan ba gyara ba ne, kuma ka fi ni sani. Da wani ne ya yi, da kai ne za ka fara cewa faci ne. Barira ta ga inda ka rubuta wa kanka a cikin aikin cewa na wucin gadi ne, za ka gyara. Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Rai ya kusa salwanta. Amma in na tuna kana zaune cikin mutane, waya ta yi ƙara, ka ga sunan Manu wanda ka yi wa wanka da hannunka, ka danna biyu ka mayar aljihu ka ci gaba da hira, sai haushin ya koma tausayi. Me ya hana ka faɗa mini? Ni fa kawunka ne.

Barira ta ce gyaran zai ɗauki kwanaki, don ba za ta taɓa na gaske ba sai ta gama gwadawa a kwafi. Na ce a ba ni wayar in riƙa amsawa. Mufida ta ce a'a, a bar mata, ni kullum ina cikin hayaniyar kasuwa ba zan ji ƙarar ba. Haka ta karɓi aikinka. Tana zaune a ɗaki da carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. In ta shiga wanka ta ba ƙanwarta ta riƙe a bakin ƙofa. Ta amsa wa Manu, ta amsa wa Nagoggo, ta amsa wa Shamsu. In an kira sunanka ma ita ke cewa ba za ka samu zuwa ba. A kwanakin nan ba wanda ya ƙara jiran jini, amma duk wanda ya ga idonta ya san abin yana cin ta. Ni kuwa kullum ina kan kiran Barira ina tambaya ko an gama, har ta fara ƙin ɗauka.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ta zo Jibiya da kwamfutarta, muka zauna a shagona tsakanin buhunan gero. Ta ƙara gurbin da ka bari. Yanzu in an yi wa mutum alamar rasuwa, sunansa da tarihinsa suna nan, amma sabar ba za ta ƙara kiransa ba. Ta ce ita ba ta san mutanen garin ba, ni zan nuna. Tana karanta suna, ina cewa Allah ya ji ƙansa, tana dannawa. Da muka zo kan naka sai ta janye hannunta, ta turo mini kwamfutar ta ce, "Baba, wannan kai za ka yi." Na miƙe na fita waje, na auna wa wata mata dawa, na dawo. Sannan na danna.

Jiya da rana Mufida ta kira ni, muryarta a firgice. Ta ce, "Kawu, lahiya kuwa? Tun shekaranjiya ba abin da ya shigo. Na duba caji, na duba sabis. Ko na'urar ta lalace ne?" Na ce mata ba ta lalace ba, ko da safen nan an samu jini sau biyu, an gyara ne. Na ce yanzu sai ta huta. Sai ta ce, "Har da nashi sunan?" Na ce har da nasa. Ta ce, "To," ta kashe.

Ya Allah, ga bawanka Abdulfatah ya zo gare ka. Ka yafe masa abin da ya bari bai gama ba, ka karɓi abin da ya ɓoye yana yi don kada wata ta yi kuka. Ka sa kowane ɗigon jini da ya isa ga mabuƙaci ta hanyarsa ya zama haske a kabarinsa. Ka ji ƙan Manu da Nagoggo da Shamsu da sauran 'yan'uwanmu da suka riga shi, ka haɗa su a Aljanna. A madadin ƙungiya ina yi wa Malam Zunnuraini ta'aziyya, da dangi na nan da na tsallake. Allah ya raya Salmatu da ƙanenta, ya sa su gaji halinsa.

Ke kuma Mufida, ban san abin da zan ce miki ba, don da hannuna na yi shirun da ke ɗakinki yanzu. Allah ya ba ki haƙurin zama da shi. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.