Fayil ɗin Wucin Gadi da Ya Raba Ni da Aikina

Edita, a ƙarshen shekarun saba'in ni saurayi ne ɗan Yammedi ta ƙasar Karaye, ɗan manomin gyaɗa, wanda Allah ya ba sa'ar koyon rubuta wa kwamfuta umarni. Na samu aiki a wani ofishin harkar noma a birni, inda na'urar ta cika ɗaki guda, muna ba ta umarni da katuna masu huda. Na tarar da wani ɗan garin Beli ta ƙasar Rogo a ofishin. Yaya nake ce masa, mota ɗaya muke shiga in za mu gida hutun salla. Amma tun ranar da shugabanmu ya karɓe aikin tsara rabon takin zamani na Karaye da Rogo daga hannunsa ya ba ni, ya daina amsa gaisuwata.

Na'urar ba ta iya riƙe aiki mai yawa a lokaci guda, don haka umarnina yakan buɗe fayil na wucin gadi ya ajiye rabin aikin, daga baya ya dawo ya ɗauka. Kullum suna ɗaya nake ba fayil ɗin, kuma ban hana wani aikin rubutu a cikinsa ba. Gab da damina sakamako ya fito, ban ga wata matsala ba, aka loda motoci. Taki ya yi yawa a Falgore, Yammedi kuwa ko buhu bai je ba. Kafin a gyara, lokacin zuba taki ya wuce. Na rantse wa shugaba cewa umarnina daidai yake, ya ce in kwashe kayana.

Abin da na tarar a gida ya fi korar zafi. Kawuna ya ce a gaban jama'a na sayar da takin garinmu. In na yi sallama a majalisa sai kowa ya kau da kai. Mahaifina ya daina zama a ƙofar gida, har ya rasu bai tambaye ni abin da ya faru ba.

Bayan shekaru na yi kiciɓis da ɗan Belin a kasuwar Rogo. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa mini, yana murmushi, cewa ya san sunan fayil ɗin don ni na taɓa nuna masa. Ya saka nasa aikin lokacin da nawa ke gudana, ya hargitsa abin da na ajiye. Ya ce, "Kai ka bar ƙofa a buɗe, ƙanena, ni shiga kawai na yi."

Har yau ban yafe masa ba, kuma sakacina yana cina. 'Yan'uwa masu wannan sana'a, ku bar na'ura ta ƙago wa fayil ɗin wucin gadi sabon suna kowane lokaci, ku kulle shi, ku goge shi in kun gama. Ni na raina shi don na ɗan lokaci ne, sai ga gari guda ya yi asarar damina.