Kawu Bulus da Zanen Ƙare Tsere

Ku da kuka san Kawu Bulus kun san ba ya amsa gaisuwa yadda mutane ke yi. Ka ce masa ina kwana, ya ce, "Wa ya ci tseren motoci na Monako shekarar da aka haife ka?" Ba ka sani ba? Zauna! Sai ya jero maka su kaf, har da wanda tayarsa ta fashe ana dab da gamawa.

Da a baki abin ya tsaya, da sauƙi. Amma mutumin nan akori-kura gare shi, yana jigilar citta tsakanin Kachia da Kafanchan.

Ranar da na shiga gaban motarsa, wayyo Allah! Muna gangara, ga kwana, ga tirela, buhuna na rawa a baya.

"Kawu, birki!"

"Yi mini shiru! A Monako hanya ba faɗi, wanda ya shiga gaba shi ke ci."

"Nan ba Monako ba ne!"

"Shi ya sa ba a taɓa ba ni kofi ba."

Na kama Addu'ar Ubangiji, tsoro ya sa na manta tsakiyarta.

Fasto ma ya ɗanɗana. Ya roƙi a tsaya ya yi fitsari, Kawu ya ce, "Tsayawar canjin taya ce fa, ba wa'azi ba." Bawan Allah bai gama ɗaura wando ba ya ga mota na tafiya.

Mu muna dariya, matarsa Mama Saratu ba ta yi. Kullum ya fita, gabanta faɗuwa yake. Ya taɓa gaya mata direban tsere ba ya rage gudu sai ya ga tutar ƙare tsere mai baƙi da fari, sai ta sayo zane irinta. Duk yamma tana bakin titi tana kaɗa masa, leɓenta na rawa da addu'a kada a kawo mata shi cikin buhunan citta.

Ashe ba a titi ba, a gadon jinya zai tafi. Da numfashi ya yi wuya, yana ta fama ya ƙi saki, ya dube ta ya ce, "Saratu, ban ga tuta ba."

Ta ɗauko zanen, ta kaɗa masa.

Ubangiji, ga shi nan ya iso. Ka ba shi hutu, ka riƙe mana Mama.