Tsoho Ya Cika

A bencin jiran likita akwai wata mata siririya, hijabinta ya sha wanki, ɗan yatsanta duk jan biro. Ba sai an ce malama ce ba. Takardun 'yan ajinta na kan cinyarta tana dubawa, leɓenta na motsi kamar mai lazimi. Da alama izinin rabin yini ta roƙo, ba ta son zaman ya tafi a banza.

Can sai ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Tsohuwar da ke gefenta ta ce, "'Yar nan, a asibiti ake dariya?"

"Iya, labari na ba su suka karanta, a ciki an ce tsoho ya cika da asuba. Na tambaye su ma'anarsa. Yara goma sha ɗaya ke nan sun ce wai ya ƙoshi."

"To, Allah ya ba mu irin wannan cikawar."

Takarda ta gaba ce ta tsayar da ita. Rubutun a karkace yake, kuskuren harafi har uku, in ta rage maki kuwa yarinya mai takardar ta faɗi. Ga abin da ta rubuta: "Ya rasu ne. Ba a faɗa kai tsaye saboda tausayin masu ji."

Biron ya daɗe a sama. Sannan ta gyara haruffan a hankali, ta ba da makin cif. Ana ta kiran lambarta, amma sai da ta rubuta "Allah ya yi albarka" a gefe kafin ta miƙe.