Muryar da Anka Goge Mini

Ana sallame asuba munka kama hanya daga Rabah, ni da maƙwabciyata, za mu suna Goronyo. Kun san ni da son gida, ko kasuwa sai an ja ni. Amma wagga tafiya dole ce, don ni na ɓata ta.

Ga abin da ya faru. Wata murya ta shigo wayata, wai ruwa ya yanke hanyar Goronyo, ya tafi da mota da mutane. Ban tsaya tambaya ba na tura ta gurup ɗin dangi. Ɗan wana, mai kula da gurup ɗin, kuma uban jaririn, ya goge ta. Raina ya ɓaci. Na danna waya na yi mishi faɗa gaban kowa, har da cewa boko ya sa shi raina manya. Dangi sunka biyo bayana, kowa da tashi. Mutane kuma sunka fara cewa ba su zuwa suna.

Kuɗin mota ya ƙaru, direba kuma mai son kiɗa. A Wurno munka ci masa mai zafi, ƙamshin tafarnuwa ya cika tasha, buhunan albasa jibge kamar ganuwa. Daga nan idona na kan kwalta, ina jiran inda ruwa ya ci. Shinkafa kore shar, shanu na kiwo, hanya lafiya lau sai ramukan da munka saba. Na tambayi direba. Ya yi dariya: "Hajiya, wane ruwa? Kullum sau biyu nike bin ta."

Mun isa, gida ba cika. Tukwanen tuwo manya, masu ci kaɗan. Ɗan wana ya tarbe ni da "Gwaggo, sannu da hanya," kai ƙasa, bai ɗaga zancen ba. Wannan ya fi ci mini rai.

A wurinmu babba ba ya ba yaro haƙuri da baki, sai dai ya yi mishi kyauta a wuce. Na zo da turmin atamfa don haka. Amma a gurup na kunyata shi, atamfa kuwa ba ta shiga waya. Na miƙa mishi wayata na ce ya danna mini wurin ɗaukar murya. "Mi za ki ce, Gwaggo?" Na ce kai dai danna. Na faɗa wa dangi ga ni Goronyo, ƙafata ko laima ba ta taɓa ba, yaro ya yi daidai, ni ce na yi gaggawa. Shi kuma na ja kunnenshi a gefe: gobe in zai goge muryar babba, ya kira tukuna.

Kafin la'asar motoci biyu cike da dangi sunka iso daga Wurno, tuwo ya ƙare tas.

Na komo gida da busasshen kifi da ciwon baya. Ban daina magana ba, kun san hali. Sai dai yanzu in an goge wani abu, ina fara tambayar dalili kafin in danna.