Tagogina na Gabas

Shekarar da aka dawo da ni Tanut koyarwa na yanke shawarar gina ɗakina a filin gidanmu. A lakwal ɗin da na baro, wato makarantar boko, na taɓa karanta wani littafin Faransanci a kan gini, wanda ya ce gini nagari sai ya haɗa ƙarfi da amfani da kyau. Babin kyau kaɗai na karanta da kyau, don shi ne mai hotuna.

Na kira tsohon maginin da ya yi wa mahaifina ɗaki, na shimfiɗa masa zanena a kan tabarma. Manyan tagogi biyu ne a gabas, ƙofa a tsakiyarsu, komai daidai wa daida.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira ni da laƙabin da ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, "Mushe, daga ina ruwa yake zo mana?"

Na ce, "Daga sama, Baba."

"Daga gabas yake zuwa, da iskarsa. Mai da ƙofar kudu, tagogin kuma a rage su."

Sai na shiga yi masa bayanin daidaito, har da Faransanci, shi da ya yi shekara arba'in hannunsa cikin laka. Da na gama ya ce, "To, ɗakinka ne." Ya gina mini abin da na zana, bai rage ko taƙi ɗaya ba.

Ɗaki kam ya yi kyau. Masu wucewa kasuwa kan tsaya su duba, ni kuwa ina bakin ƙofa ina gyaran murya.

Ruwan farko ya sauko wata ranar Laraba da la'asar. Iska ta banke tagogin nan biyu a tare. Kafin in rufe ɗaya, ruwa ya jiƙa katifa da takardun jarrabawar ɗalibaina. Na kwashi abin da ya saura na ruga tsohon ɗakin mahaifiyata, mai 'yar taga kamar tafin hannu. A bushe na same ta tana tsinkar zogale. Ko tambayata ba ta yi ba, ta matsa mini wuri.

Da safe na je gidan magini, na durƙusa na gaishe shi, gaisuwar ta yi tsawo don na rasa ta inda zan fara.

Ya ce, "Na riga na sa a kwaɓa ƙasa, Mushe. Jibi zan zo."

Ya zo ya toshe tagogin, ya fasa ƙofa a kudu. Ƙyamaren tagogin kuwa matata ta ɗauke, a kansu take shanya kuɓewa har yau.