A Ɗakin Karo Muka Wanke Ta

Ina gaban allo a lakwal ɗinmu ta Tasawa, alli a hannuna, wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma da na leƙa na ga sunan Zuwaira, matar yayana, sai na ɗauka. Ko sallamarta ban ji ba. Abin da ya shiga kunnena kawai shi ne: "Rakiya, sai haƙuri. Inna ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye allin, na hau kabu-kabu zuwa Kanan-Bakashe. Gero ya fitar da kai dama da hagu, mai babur yana ta kokawa da yashi, ni kuwa tunani ɗaya ke cina tun daga bakin lakwal har ƙofar gidanmu: a ina za su wanke ta?

Na ɗauki alƙalami ne saboda wata magana da na ji ana maimaitawa a zaman makoki. Mai gaisuwa zai zauna, ya yi addu'a, sannan ya rage murya ya ce: "Baiwar Allah ce, sai dai taurin kai." Na ji ta daga bakin maza, na ji ta daga bakin mata. To, gaskiya ne, mahaifiyarmu Inna Hassiya tana da taurin kai, kuma ban zo in nema mata afuwar kowa a kansa ba. Na zo in faɗi inda ta kashe shi, domin da yawa daga masu faɗin haka sun san labarin, sun dai fi son a manta.

A garinmu mace idan ta rasu, a ɗakinta ake wanke ta, danginta ne ke yi. Amma kasuwa tana kawo baƙi, hanyar likita ma tana kawowa, kuma ajali ba ya jiran mutum ya koma gida. Ina yarinya wata mai taɓin hankali da ke kwana a rumfar masu gishiri ta wayi gari a mace. Mutane suka kewaye ta suna salati, ba wanda ya miƙa hannu, domin an yi imani gawar bare idan ta shiga gida, wata gawar take kira. Inna ta je sayen daddawa ne. Ta cire mayafinta ta rufe matar, ta ɗaga murya ta kira mai amalanke. Wata maƙwabciyarmu ta kama hannunta ta ce: "Hassiya, kin san ko ɗiyar wa ce?" Inna ta ce: "Ɗiyar wata ce. Wata ta yi naƙudarta." Ta wuce gaba, amalanke na bin ta a baya har gida.

Daga ranar aikin ya zama nata, ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Marigayi Baba bai hana ta ba. Shi ne ma ya gina mata ɗan ɗaki na bulo a ƙuryar gida, ya dafe ƙasansa da siminti, ya fasa ƙofa a katangar baya domin amalanke ya riƙa tsayawa a lungu. Matan ruga, 'yan talla daga ƙauyuka, waɗanda rai ya yi wa halinsa a hanya kafin a kai su likita, duk ta wannan ƙofar suka shigo, a wanke su, a suturta su, maza su ɗauka. Abin bai tafi a banza ba. Matan unguwa suka daina cin abin hannunta. A gidan biki da ta kai hannu ga muciya sai wata ta yi wuf ta karɓe, wai "Inna, ki huta." Ta gane sarai. Dariya take yi ta ce da ni: "Su riƙe tuƙinsu, dama bayana ciwo yake." Amma na sha ganin ta dawo daga biki da kwanon da ta kai, a rufe yadda ta kai shi, kuma hakan yana ƙona mini rai har yau.

Bangon ɗakin fenti ne da farko, shuɗi. Duk wanda ya taɓa shafa fenti a wurin wanka ya san ƙarshensa. Ruwa ya bugi bango yau, ya buge shi gobe, sai fentin ya kumbura, ya fashe, ya dinga zubowa kamar ɓawon gyaɗa, har cikin ruwan da aka tara. Inna ta haƙura da wannan shekara da shekaru. Abin da ya kai ta maƙura shi ne wata matashiya da aka ɗauko daga wata ruga wajen Gidan Amumune, naƙuda ta gardama, ta cika a kan amalanke. Jini ya taɓa bangon. Inna ta dirje shi da ruwan jabel, maganin cire tabo, har fentin ya saluɓe, amma tabon ya riga ya shige cikin filasta. Aka sake shafa fenti, damina na zuwa tabon ya sake leƙowa. Tun daga nan take cewa: "Fenti bai wanke komi, rufewa kawai yake yi." Abin da ke damunta shi ne ta kwantar da wata baiwar Allah kusa da tabon wata.

Ana nan Allah ya buɗa wa yayana Isuhu a kasuwancinsa na Maraɗi, ya ƙudura gyara gidan. Ya zo da kwalayen farin karo, wanda 'yan Najeriya ke kira tayil, domin a shimfiɗa a falon da baƙi ke zama, da gwangwanayen fenti na sauran ɗakuna, har da ɗakin baya. Niyyarsa kyakkyawa ce, so yake mahaifiyarsa ta zauna a wuri mai kyau. Ya nuna wa magini aikin, ya koma Maraɗi. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba Inna ta ce a kwashi kwalayen a kai ƙurya, a kankare fentin nan tas, a manna karo daga ƙasa har inda hannun mutum ke kaiwa. Magini ya sosa ƙeya ya ce: "Inna, Alhaji falo ya ce." Ta ce: "Alhajin ni na haihe shi. Ɗauki cokalinka."

Ina gida ranar da Yaya ya dawo. Ya tsaya a falo yana kallon siminti tsirara, sannan ya bi sawun farar ƙura har ɗakin baya. Daga bakin ƙofa ya ce:

"Inna, mi kinka yi haka? Karon ga na baƙi ne."

"Baƙi na sa ma shi," in ji ta.

"Ina nufin baƙi masu rai, masu gani! Wa zai ga wanga?"

"Baƙonka na falo in ya ga datti yana da baki, sai shi tashi. Wadda ake kawo mini ba ta iya cewa wurin ga bai yi ba. Ni ce bakinta."

Ta ɗebo ruwa a moɗa ta watsa wa bangon, ta goge da tafin hannu, ta nuna masa. Ya juya ya fita. Kafin la'asar magana ta zagaye gari, wai tsohuwa ta ruɗe, masu rai a kan siminti, matattu a cikin karo. Har leƙowa aka dinga yi ta lungu ana dariya. Inna ko a jikinta. Duk safiya, ko an kawo kowa ko ba a kawo ba, sai ta wanke bangon nan, ta bi tsakanin karo da tsinke, ta bar ƙofa a buɗe ya sha iska. Zuwaira, da take zaune tare da ita a gidan, ta fara da miƙa mata buta daga bakin ƙofa, a hankali ta shiga ciki, har hannunta ya faɗa.

A wata ziyara da na kai bara, ta zaunar da mu ni da Zuwaira a kan dakalin ɗakin ta ce: "In tawa ta zo, nan za ku kawo ni. In kunka wanke ni wani wuri, kun hwaɗa wa gari ɗakin ga na wulaƙantattu ne." Muka ce Allah ya ja kwana, muka so mu sauya zance. Ta ce ba ta ji amsarmu ba, sai da muka ce mun ji, mun ɗauka.

Shi ya sa da na sauka daga kabu-kabu ban tsaya gaisawa a zaure ba. Na tarar abin da nake tsoro ya riga ni. An share ɗakin Inna, an shigar da bokitai, manyan mata na dangi sun ɗaura ɗamara, su da ba su taɓa taka ɗakin baya ba. Na ce ba nan ba ne. Aka kira Yaya. Ya shigo, idanunsa sun yi jawur.

"Rakiya, kada ki ƙara mini. Uwata ba bare ba ce. Tana da ɗiya, tana da ɗaki. Ba a kai ta inda anka wanke mahaukata. Kuma makokin ga na ƙarewa zan toshe ƙohwar bayan nan, abin ya isa haka."

Ban yi fushi da shi ba a lokacin, domin na san ƙauna ce ke magana, irin tasa. Amma na ce masa: "Yaya, wankan mace ba na maza ba ne. Ta bar wasiyya, kuma ba ni kaɗai na ji ba." Duka idanu suka koma kan Zuwaira. Ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban mijinta ba, ta sunkuya ta kama gefen tabarmar da Inna ke kai, na kama ɗaya gefen, wasu mata biyu suka taya mu. Muka fito tsakar gida, yana tsaye a kan hanya. Zuwaira ta ce, kanta a ƙasa: "Alhaji, ba mu hanya. Tana da nauyi." Ya matsa.

A ɗakin karo muka wanke ta. Bangon fes yake, domin jiya-jiya ta wanke shi da hannunta. Zuwaira ce ta ja gaba, ni ina zuba ruwa, hawayena na bin ruwan. Ban ji kunyar wurin ba ko kaɗan. Na ji alfahari, kuma ina so waɗanda suka tsaya daga nesa suna toshe baki su san haka.

Yaya bai fasa nufinsa ba. Washegari aka sauke bulo a lungu, aka jibge a bakin ƙofar baya, ana jiran addu'ar bakwai ta wuce a kira magini. Kafin ranar ta zo, kasuwa ta ci. Da hantsi muna zaune a makoki aka ce ana sallama da masu gida ta baya. Na zagaya na ga tsohon mai amalanken nan, ya tsaya da jakinsa a gefen tulin bulo. A bayansa wata mace ce a rufe da zane, mai sayar da tabarmi, an ce daga wajen Korgom take, ta yanke jiki ta faɗi a rumfa, ba wanda ya san danginta. Ya cire hularsa ya ce: "Na san Inna ba ta nan. Amma wallahi ban san wani wuri ba."

Ban nemi izinin kowa ba. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na ɗauki bulo na farko na ajiye gefe. Zuwaira ta fito ta ɗauki na biyu. Masu gaisuwa suka taso suka cika bakin lungu suna kallo, Yaya na cikinsu, hannayensa a baya. Bai taya mu ba, bai hana mu ba. Da muka share hanya na zare sakata, muka shigar da baiwar Allah. Muna cikin aiki aka turo ƙofa kaɗan, aka miƙo sabon farin yadi daga zaure, ba tare da an ce daga wa ba. Na san irin yadin da Yaya ke sayarwa.

Har yau bulon nan yana lungu, kuma Yaya bai ce ya janye maganarsa ba. Ni ma ban janye tawa ba. Zuwaira na gidan, ni kuma Tasawa ba nisa ba ce. Duk wanda ya ga dama ya ƙi cin tuwonmu, wannan ma mun gaje shi daga Inna, kuma ba za mu mutu da yunwar yabonsa ba. Muddin ina numfashi ba za a toshe ƙofar nan ba, ba kuma za a shafa wa bangon nan fenti ba.

Ya Allah, ga baiwarka Hassiya ta zo gare ka. Ka wanke ta daga kurakuranta fiye da yadda ta wanke bayinka da ba ta san sunayensu ba. Ka suturta ta kamar yadda ta suturta su, ka yalwata makwancinta, ka haɗa ta da Baba a Aljanna Firdausi. Ka jiƙan matan da suka shigo ta ƙofar baya, tun daga ta rumfar gishiri har mai tabarmi. Ka sanyaya zuciyar Yaya Isuhu, ka saka wa Zuwaira da alheri, ka ba mu haƙurin rashi da ƙarfin hannu. Idan tamu ta zo, a gida ko a hanya, ka sa mu cika da imani, ka haɗa mu da wanda zai buɗe mana ƙofa. Amin.